Koyon Aikin Kafinta da Kanka Har Ka Kai ga Ƙera Kayan Ɗaki: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu son shiga sana'ar katako ba tare da sun yi zaman shago tun suna yara ba: wanda ya gama makaranta yana jiran aiki, ma'aikacin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, da wanda ya gyara kujerar gidansu sau ɗaya ya ji abin ya shiga ransa. An fara da tambayoyin mai shirin farawa, aka gangaro zuwa na wanda ya riga ya fara karɓar aiki.

Da gaske mutum zai iya zama kafintan kayan ɗaki ba tare da ya zauna a hannun maigida ba?

Zai iya, kuma an yi. Misalin da ya fi shahara shi ne Sam Maloof, wanda iyayensa 'yan Labanan ne, aka haife shi a garin Chino na jihar Kalifoniya a Amurka a 1916. Aikin zane yake yi. Da ya yi aure a 1948 ba shi da kuɗin sayen kayan ɗaki, sai ya tattara ragowar filawud da aka yar ya ƙera wa gidansa. Mutane suka gani, suka fara ba shi aiki. A 1985 ya samu kyautar MacArthur, wadda ake ba masu hazaƙa ta musamman a Amurka, kujerunsa masu lilo kuwa har shugabannin Amurka Jimmy Carter da Ronald Reagan sun mallake su. Ya rasu a 2009 yana da shekara 93.

Sai dai a lura, kafin ya duƙufa kan katako idonsa ya riga ya goge da zane, ya san layin da ya miƙe da wanda ya karkace. Riƙon guduma da zarto kowa zai koya cikin 'yan makonni. Babban abin da yaron shago yake samu a wurin maigida shi ne mutumin da zai dubi aikinsa ya ce masa "kwance wannan, sake", ko da shi yaron yana ganin ya yi kyau. Mai koyo da kansa ba shi da wannan mutumin. Dole ya nemo shi, ko ya horar da kansa har ya iya ƙin karɓar aikin hannunsa idan bai yi ba.

Na haura shekara talatin, ga takardun makaranta a hannu. Ban makara ba? Me mutane za su ce?

Ba ka makara ba. Yaron da aka kai shago yana ƙarami yakan shafe shekarun farko yana shara, aike da gugar sanfefa. Babba mai natsuwa da ya iya lissafi zai tsallake da yawa daga cikin wannan. Karatunka ma jari ne, domin za ka iya karanta zane, ka rubuta awo, ka lissafa kuɗin aiki a takarda. Abin da zai gwada ka shi ne jiki da girman kai: tsayuwar yini guda, kanta a tafin hannu, da tambayar yaron da bai kai ƙanenka ba saboda ya fi ka sanin abin.

Batun surutun mutane kuwa, ya zo a hadisin Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Sana'ar da annabi ya ci abinci da ita ba abin kunya ba ce ga mai digiri.

Aikin katako kala-kala ne. Wanne zan kama?

Akwai kafintan rufi, wanda aikinsa kan gini yake da katakon tu-bai-tu da tu-bai-fo. Akwai mai ƙofofi da tagogi. Akwai mai kujerun kushin, wanda rabin aikinsa soso ne da yadi da ɗinki. Akwai mai aikin allo, mai haɗa sif da kabad ɗin kicin da gadajen zamani. Sannan akwai mai aikin zallan katako: tebur, kujerar cin abinci, gadon da za a gada. Masassaƙi mai turmi da akushi da gizagonsa sana'arsa daban ce, kuma ta girmi duk waɗannan a ƙasar Hausa.

Mai koyo da kansa ya fi saurin samun kuɗi a aikin allo, domin ana yanka masa a inji, nasa haɗawa. Amma shawarata ita ce ka fara da zallan katako ko da na wata shida ne. Wanda ya san katako zai koyi allo cikin sauƙi, wanda ya fara da allo kuwa yakan ji tsoron katako har abada. Bambancinsu yana cikin amsar da ta shafi MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam.

Waɗanne kayan aiki zan fara saye?

Tef na awo, sukwaya ta daidaita kusurwa, fensir, zarto, guduma, cizal uku (mai faɗin kwatan inci, rabin inci da inci ɗaya), filen na goge katako, sukundireba, kilam na matse aiki ko da huɗu, da dutsen washi. Idan da saura a aljihu, ƙara na'urar huda mai batir. Tsofaffin kayan gwanjo sau da yawa ƙarfensu ya fi na sababbi masu araha, amma sukwaya kada ka saya sai ka gwada ta: ja layi da ita a gefen katako miƙaƙƙe, juya ta ka sake ja. Idan layukan biyu ba su hau kan juna ba, ajiye ta.

Kafin komai ka koyi washi. Bakin cizal da na filen ana wasa su a karkace kamar digiri 25 zuwa 30, bayansu kuma a shafe yake sumul. Yawancin masu farawa da suke cewa hannunsu ba ya yi, ƙarfensu ne ba shi da kaifi. Dakusasshen cizal sai ka danna shi da ƙarfi, kuma a nan ne yake zamewa ya sami hannu.

Me zan fara ƙerawa?

Teburin aikinka, mai nauyi, wanda ba ya rawa. Bayansa 'yar kujerar zama ta tsakar gida, sai benci, sai akwati mai murfi, sai ƙaramin tebur mai ƙafa huɗu, sai durowa. Kowanne yana koyar da abin da na bayansa yake buƙata: akwati yana koya maka kusurwa, tebur yana koya maka haɗin ƙafa, durowa tana koya maka cewa milimita biyu ba wasa ba ce. Kujera mai majingina ka bar ta ƙarshe. Ita ce mafi wuya, domin kusan babu kusurwarta da take a miƙe, ga shi ana jingina, ana ja, ana lilo a kanta kullum.

Kada ka raina gyara. Duk karyayyar kujerar da aka kawo maka tana nuna maka inda wanda ya yi ta ya gaza, ko ƙusa ya sa inda ya kamata a yi haɗi, ko ɗanyen katako ya yi aiki da shi. Wanda ya gyara kujeru ashirin ya san inda kujera take mutuwa.

A ina zan samu ilimin? YouTube ya isa?

YouTube zai nuna maka yadda ake yi, kuma ba sai ka ji Turanci sosai ba, ido ya isa. Amma yawancin masu bidiyon a Turai da Amurka suke, da katakon da aka busar a na'ura, da injinan da ba ka da su, da yanayin da ba namu ba. Ɗauki dabarar hannu daga wurinsu, ilimin katako kuma ka ɗauke shi a nan gida.

Je kasuwar katako ka zauna wurin masu inji. Yi abota da dattijon kafinta ɗaya, ka riƙa kai masa aikinka ka ce, "Baba, a duba mini inda na ɓata." Da yawansu za su faɗa maka gaskiya idan sun ga da ladabi ka zo, kuma ka tafi da ɗan goro. Wasu ma sukan yarda babba ya zo ya taya su aiki na wata biyu ko uku a kan yarjejeniya. Yin haka bai hana a ce da kanka ka koya ba, kuma zai rage maka shekarun lalube.

Wane katako zan saya, kuma ta yaya zan gane mai kyau?

Maɗaci, wanda 'yan kasuwa suke kira mahogani, ja ne, yana karɓar sassaƙa da feshi, ya dace da gado da tebur. Loko, wato iroko, yana jure ruwa da gara, shi ya sa ake son sa a ƙofa. Kawo yana da nauyi da tauri, yana cin bakin ƙarfe, amma idan ya bushe ba ya yawan motsi. Malaina fara ce, marar nauyi, mai sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, kuma ita na fi ba mai koyo shawara, sai dai tana daɗewa ba ta bushe ba. Obece laushi gare shi, ƙwari suna son sa, wurinsa cikin kujerar kushin ne da inda ba a ɗora nauyi. Madobiya kyakkyawa ce ƙwarai, amma an yi mata saran ƙare dangi, musamman a Taraba, don fitarwa Sin, har CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido a 2016. A 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a wannan jeri. Duk wanda zai rayu da katako ya kamata wannan ya dame shi, ya kuma rage ɓarnar abin da ya saya.

A manyan kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako a Yamai, kada ka tura yaro, je da kanka. Ɗaga falankin ka saita shi da ido daga kai zuwa kai ka ga ko ya lanƙwashe ko ya murɗe. Duba bakinsa ko ya tsage. Duba ƙananan huji masu zubar da gari, alamar ƙwaro na ciki. Farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo shi ƙwari suka fi ci, ko a jikin loko ne, don haka kada ka lissafa shi cikin abin da za ka mora. Kuma ka auna: abin da aka kira inci goma sha biyu sau da yawa bai cika ba, bayan an goge shi a inji kuma zai ƙara raguwa.

Na yi tebur ya yi kyau, hunturu na shigowa ya tsage. Me ya jawo?

Ruwa. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga kafintan Arewa, kuma a nan ne sunan yawancin masu farawa yake ɓaci. Mafi yawan katakon da muke aiki da shi daga dazuzzukan Kudu yake zuwa, irin su Ondo, Edo da Kuros Riba, kuma a ɗanye ake lodo shi. Katako ba ya fara tsukewa sai ruwan jikinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari, daga nan kuma zai yi ta bin iskar wurin da yake. A Kano, tsakiyar hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20, ruwan jikin katako ya sauko wajen kashi 4 ko 5. A watan Agusta ya koma wajen kashi 14 ko 15. Tsakanin waɗannan biyu falanki mai faɗin inci 12 zai iya raguwa da kusan kwatan inci. A faɗi yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Idan ka ɗaure shi tamau da ƙusa da gam a kan katakon da ya gicciye shi, ba shi da hanyar tsukewa, sai ya tsage.

Magani na farko shi ne ka sayi katako tun kafin ka buƙace shi. Jera shi a inuwa inda iska take ratsawa, a ɗage daga ƙasa, ka sa siraran sanduna tsakanin falanki da falanki a saitin juna, ka danne saman da nauyi, ka shafa fenti a bakunansa don kada su riga tsakiya bushewa. Kada ka shanya shi a rana, zai murɗe. Idan ba ka da na'urar auna danshi, yanki guntu ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya daidaita da iskar wurin.

Magani na biyu yana cikin ƙirar. Saman tebur a ɗaure shi ta ƙasa da sukuru a cikin huji mai ɗan tsawo, yadda zai iya matsawa. Allon tsakiyar ƙofa a zura shi cikin kwarmi ba tare da gam ba. A yi feshi ciki da waje, sama da ƙasa, don kada gefe ɗaya ya riga ɗaya shan iska. Durowar da ka yi da rani ka bar mata ɗan sarari, in ba haka ba damina na zuwa za ta cije. Idan kuma Legas ko Fatakwal za a kai kayan, lissafin ya juya: can kumbura zai yi.

To, ba gara in yi aiki da MDF ba, tunda shi ba ya tsagewa?

Allunan MDF, HDF (irin MDF ne da ya fi tauri) da filawud suna zuwa a ƙafa 4 da ƙafa 8, kaurin da aka fi yin jikin sif da shi milimita 15 zuwa 18 ne. Ba sa motsi da yanayi kamar katako, sun zo da launinsu, kuma su kasuwar kayan amare ta fi nema yanzu. Babu laifi a aiki da su. Amma MDF ba ya shiri da ruwa: ya sha ya kumbura, ba ya komawa. Sukuru a bakinsa ba ya kamawa da kyau, kuma kwancewa da ɗaurawa wajen tashi daga gidan haya tana gajiyar da shi. Kantar da ta wuce santimita 80 ba tare da tokari ba za ta lotsa da nauyi.

Saboda haka ka rufe duk bakin allo da tef ɗinsa, ka sa wa sif ƙafafu don ruwan goge ɗaki kada ya taɓa shi, wurin wanke-wanke a kicin kuma ka yi amfani da filawud mai jure ruwa. Kafin ka je wurin yanka, zana yadda kowane guntu zai fita daga allon, domin ribar aikin allo a ragowar da ba ka zubar ba take. Abu ɗaya da ba ni da sassauci a kansa: faɗa wa mai kaya abin da ka yi masa aiki da shi. Kiran MDF katako ha'inci ne.

Ƙusa da gam ba su isa ba? Kuma akwai awon da aka saba?

A bayan sif ko cikin kushin sun isa. A ƙafar tebur da kujera ba su isa ba. A nan ana fafe rami a jikin ƙafa, a fitar da harshe a bakin katakon da zai shige shi, kaurin harshen kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. Ya shiga da dannawar hannu ko ɗan bugu kaɗan, sannan a sa farin gam a matse da kilam har ya kwana. Gam ba ya cike giɓi, kuma ba ya riƙe bakin katako da kyau. Kafin gam ya kama, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarori biyu. Idan awon ya zo ɗaya, aikin ya tsaya daidai.

Awon da jikin mutum ya saba da shi: tsayin teburin cin abinci ko na rubutu kusan santimita 75, mazaunin kujera 45, teburin kicin 90, zurfin sif mai rataye kaya 60. Gado kuwa kada ka dogara da an ce maka siks-bai-siks. Auna katifar da kanka, ka bar mata ɗan sarari. Auna ƙofar ɗakin da lungun da za a bi da kayan ma, domin sif ɗin da ya ƙi shiga ɗaki a ranar jere abin kunya ne da ba a mantawa.

Yaushe zan sayi inji?

Ba yanzu ba. A kasuwannin katako akwai masu injin tsagawa da gogewa da yanka allo, kana biyan kuɗin kowane yanka. Da wannan za ka yi shekara biyu kana aiki ba ka sayi babban inji ba, ba ka shiga wahalar wuta da man janareto ba. Idan aiki ya fara yawa, fara da ƙananan na hannu: na huda, na guga, zarton lantarki, sai na fitar da ado a baki. Ka sayi inji ne idan kuɗin da kake biya a waje da lokacin da kake ɓatawa a layi sun fi kuɗinsa. Kafin ka kunna kowanne, karanta amsar da ta shafi lafiya.

Me ya sa feshina ba ya yin sumul kamar na manyan shaguna?

Yawanci guga ce ba ta kai ba. Bi sanfefa daki-daki, lamba 80, 120, 180, 220, kana bin tsawon jijiyar katako, kada ka tsallake. Share ƙura, sa shafin farko mai toshe ƙofofin katako, sake gugawa a hankali, sannan ka yi feshi siriri sau biyu ko uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai ka yayyafa ruwa a ƙasa ka yi feshi da sassafe a wuri killatacce. Da damina kuma danshi yakan sa feshi ya yi fari-fari, sai a jira rana ta buɗe. Maganin gara irin su Solignum na katakon rufi ne da wuraren ɓoye, kada ka shafa shi a teburin abinci ko gadon yara.

Ta yaya zan yanke kuɗin aiki, kuma nawa zan karɓa kafin alƙalami?

Rubuta komai: katako ko allo, ƙusa, sukuru, gam, sanfefa, hannaye da maƙalan ƙofa, kayan feshi, kuɗin inji, dako, mota, abincin wanda ya taya ka. Ƙara wani abu saboda ɓarna. Sannan ka sa kuɗin kwanakin da za ka yi, sannan riba. Masu koyo da kansu sun fi kowa mance kuɗin hannunsu, saboda suna jin kunyar cewa su ƙwararru ne. Rangwame a ayyukan farko ba laifi, amma ka faɗa wa mai kaya cewa rangwame ne, in ba haka ba farashin zai bi ka. Tunda kuɗin kaya ba ya zama wuri ɗaya, ka ce farashin da ka bayar na mako ɗaya ne ko biyu.

Kafin alƙalami ya kai kuɗin kayan aikin gaba ɗaya, kuma ranar da ka karɓa ka saye su. A nan ne kafintoci da yawa suka rasa mutuncinsu: a karɓi kuɗin Alhaji a ƙarasa aikin Hajiya, a jira na uku ya kawo a fara na Alhaji. Wanda ya shiga wannan rami da wuya ya fita, kuma shi ya sa ake yi wa masu sana'ar kallon marasa alkawari. Kuɗin aiki amana ne. Rubuta awo, irin katako, launi, farashi da ranar bayarwa, ko a saƙon WhatsApp ne, kowa ya riƙe. Idan kana ganin kwana goma zai isa, ce mako biyu.

Ina zan samu masu saye, alhali ba wanda ya san ni?

Daga gida: 'yan uwa, maƙwabta, makarantar Islamiyyar unguwa mai neman benci, mai shagon da ke son kanta. Babbar kasuwa a ƙasar Hausa ita ce kayan ɗakin amarya, gado da sif da madubi da kujeru, kuma tana da lokutanta, musamman gab da azumi da bayan sallah da bayan kaka. Girmanta ya kai a auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, kayan ɗaki na cikin abin da aka ba su. Amma kada ka karɓi saitin amarya sai ka tabbata za ka iya, domin ranar biki ba ta ɗaguwa saboda kafinta.

Ɗauki hoton aikinka da hasken rana ka sa a WhatsApp, Facebook da Instagram. Naka kaɗai, kada ka ɗauko hoton kayan Turkiyya ka ce kai ka yi. Kuma ga abin da kaɗan ne suke yi: bayan hunturu ɗaya da damina ɗaya, koma gidan da ka kai kaya ka duba, ka ɗaure abin da ya saki kyauta. Za ka ga yadda aikinka yake tsufa, wanda shi ne darasin da ba ka samu a shago ba, kuma uwar amaryar da aka yi wa haka ita za ta kawo maka ƙannenta da maƙwabtanta.

Ina da aikin albashi. Yaushe zan bar shi?

Idan ayyukan da kake mayarwa saboda rashin lokaci sun fara yawa, kuma ribar shago, bayan an cire komai, ta yi wata shida a jere tana riƙe gida. Ka tanadi abin da za ku ci a watannin da kasuwa take sanyi, musamman tsakiyar damina. Kafin nan, yamma da Asabar da Lahadi sun isa.

Wane haɗari ke cikin sana'ar ga lafiya?

Wanda ake gani shi ne inji. Zarton tebur yana iya cafke katako ya wurgo shi baya, ko ya ja hannu. Kada ka tsaya a saitin bakinsa, tura ƙaramin katako da sanda, naɗe hannun riga, kuma kada ka shiga wurin inji da babbar riga ko kana jin barci. Cire wuta kafin ka canza baki.

Wanda ba a gani shi ne ƙura. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci. Ƙurar loko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata, ta MDF kuma tana ɗauke da sinadarin gam ɗin da aka haɗa shi da shi. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyin. Nemi abin rufe hanci na ainihi, na feshi kuma mai tace sinadari, da tabarau da abin toshe kunne. Madarar da ake sha bayan feshi ba ta wanke huhu. Sai gobara: garin katako, tina ta tsinka fenti da wayar wuta marar kyau a wuri ɗaya su suke cinye shaguna. Share shago kullum, ajiye tina nesa da janareto, tsumman da ya sha man katako kuma a baza shi ya bushe a waje, domin idan aka dunƙule shi yana iya kamawa da kansa.

Mace za ta iya shiga?

Za ki iya. Aikin awo, haɗi, guga, feshi da kushin ba ƙarfin ƙirji suke nema ba, ɗaukar falanki kuwa maza ma 'yan dako suke kira. Kina da abin da maza ba su da shi: ke za ki shiga har ƙuryar ɗaki ki auna, ki zauna da amarya da mahaifiyarta ki ji ainihin abin da suke so.

Ina buƙatar takardar shaida, tunda ban yi makarantar sana'a ba?

Mai sayen gado ba zai tambaye ka takarda ba. Amma idan kana son aikin kamfani, kwangilar kujerun makaranta ko aiki a ƙasar waje, za ta yi maka amfani. A Najeriya akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a haura zuwa na ɗaya. Akwai jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha ta ƙasa. Akwai kuma tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, NSQ, a ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, wanda yake da hanyar tantance ƙwarewar da mutum ya riga ya samu a wajen aji: a zo a ga aikin hannunka a ba ka matakin da ka cancanta. Wannan ita ce ta fi dacewa da wanda ya koya da kansa, don haka ka riƙa adana hotunan ayyukanka tun daga na farko, har da na lokacin da ake cikin haɗawa. ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, da NDE, hukumar samar da ayyukan yi, ma sukan buɗe horon masu sana'a lokaci zuwa lokaci.

Ban da wannan, yi wa shagonka rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka buɗe masa asusun banki daban da na cefanen gida. Yawancin ma'aikatu da makarantu masu ba da kwangila sai sun ga rajista da asusun da ke ɗauke da sunan shagon kafin su karɓi takardar farashinka.